Wanzami ba ya son jarfa: 'yan takara da tsofaffin maganganunsu kan bincike

Jiya da daddare wani ya jefo tsohon bidiyo a gurup ɗinmu na WhatsApp, Donald Trump ne a kan dandamalin kamfe a 2016, saura kwanaki kaɗan a yi zaɓe, yana ta zuba a kan Hillary Clinton, wai in aka kuskura aka zaɓe ta Amurka za ta iya wayar gari da shugabar ƙasa mai ci ana tuhumarta da babban laifi, daga nan sai shari'a, gwamnati ta tsaya cak, kuma wai tun farko ma bai kamata a bar ta ta tsaya takara ba. Wanda ya turo bidiyon ko kalma ɗaya bai rubuta ba, fuskar dariya kawai ya liƙa a ƙasa. Shikenan gurup ya kama da wuta har wajen ɗaya na dare, ni dai ina gefe ina karantawa ban tanka ba, amma abun ya tsaya mun a rai shi ya sa na ce bari in zo nan in fitar da shi.

Ga wanda ya manta yadda aka yi, Hillary ta riƙe ministar harkokin wajen Amurka daga 2009 zuwa 2013, kuma a tsawon lokacin maimakon imel ɗin gwamnati sai ta riƙa aiki da nata na kashin kanta, na'urar da ke ajiye saƙonnin ma a gidanta take. FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta yi bincike, ranar 5 ga Yuli 2016 shugaban hukumar James Comey ya fito ya ce ita da mutanenta sun yi mummunan sakaci, an samu saƙonni 110 da ke ɗauke da bayanan sirri, amma ba abun da zai sa a kai ta kotu. Kowa ya ɗauka magana ta mutu. Kwatsam ranar 28 ga Oktoba, saura kwana 11 zaɓe, sai ga Comey ya aika wa majalisa wasiƙa cewa an ga wasu saƙonnin a wata kwamfuta za a duba, ranar 6 ga Nuwamba ya dawo ya ce an duba ba sabon abu, ranar 8 aka yi zaɓe ta faɗi. A waɗannan 'yan kwanakin ne Trump ya yi maganar da ke cikin bidiyon.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. A muhawara ta biyu da suka yi a watan Oktoba, Hillary ta ce gara da ba mutum irinsa ke riƙe da doka a ƙasar ba, ya katse ta ya ce ai da kina kurkuku. A watan Agusta ya yi alkawarin in ya hau zai aiwatar da duk dokokin kare bayanan sirri, ba wanda zai fi ƙarfin doka. Duk taron da ya je kuwa magoya baya na rera a ɗaure ta, a ɗaure ta, kamar waƙar filin ƙwallo. Janar Michael Flynn ma a babban taron jam'iyyar Republican ya ja wannan waƙar da bakinsa, har ya ce da ya yi kashi ɗaya cikin goma na abun da ta yi da yanzu yana gidan yari. Disamba 2017 wannan Flynn ɗin ya tsaya gaban kotu ya amsa laifin yi wa FBI ƙarya, sai da Trump ya yi mishi afuwa a 2020.

Abun da ya fi ba ni mamaki shine a daidai lokacin da ake wannan waƙar, FBI ɗin dai tana binciken kamfen ɗin Trump a kan alaƙa da Rasha, tun ƙarshen Yulin 2016 aka buɗe fayil ɗin, kawai dai ba a faɗa wa jama'a ba sai Maris 2017. Wato mai cewa wanda ake bincike kar ya tsaya takara, nasa gidan ma masu bincike na ciki.

To sai ga 2023. Ƙarshen Maris aka tuhume shi a New York da laifi 34 na murɗe takardun kasuwanci don ɓoye dala 130,000 da aka ba wata mata ta yi shiru kafin zaɓen 2016. Watan Yuni aka tuhume shi kan takardun sirri da ya kwashe zuwa gidansa na Mar-a-Lago a Florida, duniya ta ga hotunan kwalaye jibge har a banɗaki, kai jama'a, takardun sirri fa, abun da ya shekara yana yi wa Hillary gori a kai. Agusta aka ƙara biyu, ɗaya a Washington ɗaya a Georgia, duka kan yunƙurin juya sakamakon zaɓen 2020. Jimilla tuhuma 91. Ranar 30 ga Mayu 2024 aka same shi da laifi a duka 34 ɗin na New York, karon farko kenan a tarihin Amurka da aka samu tsohon shugaban ƙasa da babban laifi. Ya janye daga takara? Ina! Cewa ya yi bi-ta-da-ƙulli ne, hoton da aka ɗauke shi a gidan yarin Georgia ma sai aka buga a riguna da kofuna ana sayarwa, kuɗin kamfe ya riƙa shigowa kamar ruwan sama, Nuwamba ya ci zaɓe.

Nan ne 'yan gurup ɗinmu suka rabu, masu cewa munafunci ne tsagwaronsa da masu cewa ai shi sharri aka yi mishi ita kuwa da gaske ta yi laifi. Ni abun da na lura da shi, duk wanda ya buɗe baki a daren nan, in ka san wanda yake so tun da, to ka san abun da zai ce tun kafin ya gama rubutawa.

Kar wani ya ce na sa Trump a gaba, ɗaya ɓangaren ma haka suke. Satumba 2022 aka tambayi Joe Biden a talabijin me ya ji da ya ga hoton takardun da aka samo a Mar-a-Lago, ya ce ya tambayi kansa ta yaya mutum zai yi irin wannan rashin sanin ya-kamata. Ko wata biyu ba a yi ba lauyoyinsa suka tsinci takardun sirri a tsohon ofishinsa na Washington, daga baya aka ƙara samun wasu a garejin gidansa na Delaware, kuma jama'a ba su ji labari ba sai Janairu 2023. Gaskiya akwai bambanci, shi ya miƙa nasa ya ba masu bincike haɗin kai, shi kuwa Trump babban abun da aka tuhume shi da shi harda ƙin mayarwa da ɓoyewa, mai binciken Biden ɗin Robert Hur ma ya faɗi haka a rahotonsa na 2024 da ya ce ba za a kai ƙara ba. Amma maganar ta riga ta fita, magana kuwa zarar bunu ce. Sannan shi Biden ɗin ne ya tsaya bayan hukuncin Trump na New York ya ce ba wanda ya fi ƙarfin doka, ya kuma ce ba zai yi wa ɗansa Hunter da kotu ta samu da laifi afuwa ba, 1 ga Disamba 2024 ya sa hannu ya yi mishi.

In kana son ganin wannan cuta a inda ta fi fitowa fili, to Faransa za ka leƙa. Labarin François Fillon wallahi ko marubuci ne ya ƙirƙira shi sai a ce ya cika gishiri. Tsohon firaminista ne, ya yi aiki ƙarƙashin shugaban ƙasa Nicolas Sarkozy shekara biyar, 2016 suka fito neman tikitin jam'iyya tare, Sarkozy kuma lokacin shari'o'i sun yi mishi katutu. Sai Fillon ya hau dandamali a watan Agusta ya jefa tambaya ɗaya: wa zai iya kwatanta Janar de Gaulle, tsohon shugaban Faransa da ake girmamawa, ana tuhumarsa? Bai kira suna ba, amma ba wanda bai gane da wa yake ba. Da wannan rigar ta mutumin kirki mai tsabta ya ci fidda gwani a Nuwamba, Sarkozy ya zo na uku, kowa na cewa ga shugaban Faransa na gaba.

Janairu 2017 jaridar Le Canard enchaîné ta fasa ƙwai, cewa an shekara da shekaru ana biyan matarsa Penelope ɗaruruwan dubban yuro daga kuɗin majalisa a matsayin mataimakiyarsa, alhali ba a ga aikin da ta yi ba. Fillon ya garzaya talabijin ya ce abu ɗaya ne zai hana shi takara, in aka tuhume shi a hukumance. Kun ji fa, da bakinsa, ba wanda ya matsa mishi. Ranar 14 ga Maris aka tuhume shi. Bai janye ba, tun kafin ranar ma ya riga ya canja harshe yana cewa kisan gilla ne na siyasa ake mishi, kuma jama'a ne kaɗai za su yanke hukunci. Jama'an suka yanke, ya zo na uku da kusan kashi 20 cikin ɗari, Emmanuel Macron ya wuce, 2020 kotu ta same shi da laifi. Tsakanin maganar de Gaulle da tuhumar tasa ko wata bakwai ba a yi ba.

Marine Le Pen, jagorar masu ra'ayin riƙau a Faransa, ita ma a 2013 ta nemi a haramta takara har abada ga duk zaɓaɓɓen da aka samu da laifi a kan abun da ya shafi kujerarsa. 31 ga Maris 2025 kotu ta same ta da laifin karkatar da kuɗin majalisar Turai, ta hana ta takara shekara biyar, biyar fa ba har abada ba, ta fito ta ce hukuncin siyasa ne ta ɗaukaka ƙara.

Na Isra'ila kuwa ya fi kowanne daɗewa ana yawo da shi. 2008 Ehud Olmert ne firaminista, 'yan sanda na bincikensa kan cin hanci, Benjamin Netanyahu na jagoran adawa, ya fito a talabijin ya ce firaministan da ya nutse cikin bincike har wuya ba shi da hurumin yanke manyan shawarwari, don akwai fargabar zai yanke su ne saboda ya tsira da kujerarsa ba saboda ƙasa ba. Olmert ya sauka tun ba a kai ga tuhumarsa ba, daga baya ya shiga kurkuku a 2016 ya yi wata 16. Nuwamba 2019 aka tuhumi Netanyahu da cin hanci da zamba da cin amana yana kan kujera, Mayu 2020 aka fara shari'a, bai sauka don haka ba, ya rasa mulki a 2021 ya dawo a ƙarshen 2022 shari'ar na nan tana tafiya. Kuma abun da masu adawa da shi ke faɗa a kansa yau, kusan kalma da kalma, shine abun da ya faɗa a kan Olmert.

Brazil kuma abun zagaye ya yi. Lula ne, lokacin yana shugaban ƙasa, ya sa hannu a 2010 a kan dokar da ta hana wanda kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar wa laifi tsayawa takara, 2018 dokar ta hau kansa, yana ɗaure aka yi zaɓe Jair Bolsonaro ya ci, alƙalin da ya yanke mishi hukunci Sergio Moro ya zama ministan shari'a a sabuwar gwamnati. Lula ya yi kwana 580 a ɗaure, kotun ƙoli ta soke hukuncin a 2021, a muhawarar 2022 Bolsonaro na kiransa tsohon fursuna, Lula ya ci zaɓe, Satumba 2025 aka yanke wa Bolsonaro shekara 27 kan yunƙurin juyin mulki. Magoya bayan kowannensu sun yi zamanin cewa a bar kotu ta yi aikinta, sun kuma yi zamanin cewa kotu 'yar amshin shata ce, sai dai ba lokaci ɗaya ba.

Yanzu ga inda na saɓa da wanda ya turo bidiyon. Shi a ganinsa tsohuwar maganar ce gaskiya, a ɗauko ta a ɗaure mutum da ita, tunda ka ce wanda ake bincike kar ya tsaya to kai ma sauka. Ni kuma ina ganin a mafi yawan lokuta tsohuwar maganar ce ɓatacciya, sabuwar da suke yi bayan wuta ta zo gemunsu ta fi kusa da daidai, duk da ba don Allah suke yinta ba. Bincike daban, tuhuma daban, hukunci daban, amma a bakin ɗan siyasa lokacin kamfe duk sunansu ɗaya. Bincike tambaya ce kawai ake yi, ana iya buɗe shi a kan takardar ƙorafi guda, ana iya rufewa ba a samu komai ba, Hillary har yau ba a taɓa tuhumarta da komai a kan imel ɗin nan ba. In aka ce duk wanda aka buɗe wa fayil ya fita daga takara, to an miƙa wa mai riƙe da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara ikon zaɓar wanda zai kara da shi kenan, kuma ba sai na faɗa muku yadda masu mulki za su yi da irin wannan dama ba. Dubi Lula, hukunci ne ma sukutum aka yi mishi ba bincike ba, daga baya aka ce alƙalin ya nuna son kai, to wa zai dawo mishi da zaɓen 2018?

Ita Amurka ma tsarin mulkinta sharaɗi uku ya gindaya, shekara 35, haifaffen ɗan ƙasa, zaman shekara 14 a cikinta, bai ce komai a kan tuhuma ko hukunci ba. Eugene Debs a 1920 daga cikin gidan yari a Atlanta ya yi takarar shugaban ƙasa ya samu ƙuri'a sama da 900,000. Sannan ma'aikatar shari'arsu tun 1973 take kan ra'ayin ba a gurfanar da shugaba mai ci, shi ya sa Trump na cin zaɓe mai gabatar da ƙara Jack Smith ya tattara nasa ya janye, na New York ɗin kuma a Janairu 2025 alƙali ya sallame shi ba ɗauri ba tara, laifin dai na rubuce. Wato rikicin da ya ce za a shiga in Hillary ta ci, da ya zo kansa sai aka warware shi ta hanyar ajiye shari'ar gefe, gwamnati ba ta tsaya ba, shari'ar ce ta tsaya.

Amma fa ban ce maganar Netanyahu ta 2008 ba ta da ƙamshin gaskiya ba, tana da shi sosai ma, mutumin da ya san in ya sauka gidan yari na jiransa ba zai kalli kujera yadda sauran mutane ke kallonta ba, duk shawarar da zai yanke sai ka yi tunanin don wa ya yanke ta. Wannan damuwa ce ta gaske kuma mai zaɓe na da haƙƙin ya sa ta a ma'auni. Matsalata da su ita ce ba su taɓa faɗar ta a matsayin ƙa'ida ba, sanda ce suka tsinta a hanya suka maka wa na gabansu, da aka juyo da ita sai suka ce ai wannan sandar haramun ce.

Trump ma ya taɓa faɗa da bakinsa, kuma ni na fi ganin girman wannan a kan duk kwaskwarimar da sauran ke yi. Disamba 2016 bayan ya ci zaɓe ya je taron godiya a Michigan, jama'a suka fara waƙar a ɗaure ta, sai ya ce musu wannan kafin zaɓe take da daɗi, yanzu ba ruwanmu. Mutanen da suka yi wata da watanni suna rera ta har muryarsu ta dishe suna tsaye a gabansa fa ya faɗa. 2024 kuma bayan nasa hukuncin ya ce a wata hira wai shi bai taɓa cewa a ɗaure ta ba, jama'a ne ke faɗa, nan take aka zazzago bidiyoyin.

Na yi ta tunanin ko akwai wanda ya samu irin wannan sandar ya ƙi ɗauka, wanda ya faɗo mun shine Bernie Sanders. Oktoba 2015 a muhawarar fidda gwani ta Democrat, ana tsakiyar surutun imel, ya juya ya ce wa Hillary Amurkawa sun gaji da jin zancen imel ɗinki, a koma kan abun da ya dami mutane. Ta yi dariya ta miƙa mishi hannu, zauren ya ɗau tafi. Tikitin dai ita ta samu, kuma har yau akwai magoya bayansa da ke cewa ranar ya yar da makaminsa mafi kaifi. Ƙila shi ya sa ba a cika samun irinsa ba.

Akwai ɗaya da na ajiye don ita ta fi ba ni dariya. A tsarin mulkin Amurka akwai gyara na biyar, wanda ya ba mutum damar ƙin amsa tambayar da za ta iya jefa shi cikin laifi. 2016 wasu da suka yi wa Hillary aikin na'urar imel ɗin sun fake da shi, Trump ya tsaya a Iowa ya ce 'yan mafiya ne ke fakewa da wannan, in ba ka da laifi me zai sa ka ƙi magana? Ranar 10 ga Agusta 2022, kwana biyu bayan FBI ta shiga Mar-a-Lago, ya zauna gaban lauyoyin babbar mai shari'ar jihar New York a binciken kamfaninsa, ya fake da gyara na biyar ɗin sama da sau 400 a zama ɗaya. Ya kuma fitar da sanarwa a ranar, a ciki ya ce shi ne ya taɓa tambaya in ba ka da laifi me zai sa ka ƙi magana, to yanzu ya san amsar.

Na kwafi wannan na tura gurup ɗin da safe. Mutum biyu suka sa fuskar dariya, ɗaya ya ce ai shi daban ne sharri aka yi mishi, wani kuma ya turo bidiyon Biden.